Kafin ka ɗora wa karenka laifi, duba sarƙa da kasko da sanda

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina kiwon kare a gidan gonata da ke wajen Shika, kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa. Kaji nake kiwo da 'yan tumaki, ɓarayin kaji ne kuma suka sa na nemi kare. Tun daga lokacin da wuya wata ya wuce wani bai tare ni da ƙorafi ba: "Malam, karena ya hana unguwa barci." "Malam, ya kai wa yaron maƙwabci cizo." "Malam, kwana biyu ya ƙi cin tuwo." Kafin in ce komai, abu uku nake tambaya. Awa nawa yake yi a ɗaure? Me yake ci, kuma da wane lokaci? Wa ke dukansa? Mafi yawan lokaci amsar matsalar tana cikin waɗannan ukun.

Addini ya yarda a ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma duk mun san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Wanda ya kawo kare gidansa ya ɗauki amana. A ware masa kaskonsa da wurin kwanansa nesa da kwanukan mutane da wurin salla, amma a ba shi haƙƙinsa.

Bari in fara da kuskuren da ya fi ci mini rai. Kwikwiyona na farko a bakin hanya na saye shi, bai wuce sati biyar ba. Kwana huɗu da zuwansa ya fara amai, sai zawo mai jini mai wani irin wari da har yau ban manta ba. Na ba shi maganin zawo na mutane, na ɗura masa koko. Ranar da na kai shi wurin likitan dabbobi idanunsa sun riga sun faɗa, fatar wuyansa in ka ja ba ta komawa. Likita ya ce fabo ce, wata cuta mai yaɗuwa da ke kama hanjin kwikwiyo, kuma na makara. Da daddare ya mutu a cikin kwali. Daga nan na koyi cewa ba a raba kwikwiyo da uwarsa kafin sati takwas, kuma ana fara masa allurar rigakafi tsakanin sati shida zuwa takwas, a maimaita duk bayan sati uku ko huɗu har ya kai kimanin sati 16. Allurar haukan kare kuma ana yin ta in ya cika wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. Ƙwayar fabo tana daɗewa a cikin ƙasa wata da watanni, saboda haka in ta kashe maka kwikwiyo kada ka kawo wani wurin sai ka wanke ko'ina da ruwan bilic, sabon kuma ya kammala allurarsa. A je wurin likita na gaskiya, domin allurar da ta sha rana a cikin jaka ta lalace. Mu nan asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello muke zuwa, kuma kowace jiha tana da asibitocin dabbobi na gwamnati.

Yanzu maganar sarƙa, wadda ita ce uwar matsalolin. An daɗe ana cewa in kana son kare ya yi zafi ka ɗaure shi a bayan gida kada ya ga kowa, ka riƙa zuba masa barkono a abinci. Na ga karnukan da aka yi wa haka. Ba jarumta suke samu ba, tsoro suke tarawa, kuma kare mai tsoro shi ne mai cizo babu gargaɗi. Irinsa ba ya bambance ɓarawo da almajiri ko ɗan mai gida, domin bai taɓa sanin yadda mutanen kirki suke shiga da fita ba. Kwanakin da kwikwiyo ya fi karɓar sabo su ne daga sati uku zuwa kamar sati 12 ko 14 da haihuwa. A wannan tsakanin ya kamata ya ga uwargida da yara da mai kawo ruwa, ya ji ƙarar babur da injin niƙa da janareta, ya ga akuya da kaza, a taɓa kunnensa da ƙafafunsa da bakinsa a hankali. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada ka ji tsoron zai zama lusari. Karen da ya san 'yan gida sosai shi ne ke saurin gane baƙuwar ƙafa da tsakar dare.

In dole ne a killace shi da rana, a yi masa ɗan shinge mai inuwa wanda zai iya zagayawa a ciki. Ni kullum bayan sallar Asuba nakan zaga gona da karena Duna na kamar rabin awa, da yamma yara su jefa masa tsohuwar ƙwallo, da daddare a sake shi cikin katanga. Yawancin haushin da ke hana unguwa barci na kaɗaici ne da rashin motsa jiki. In ka saurara za ka gane shi: sauti ɗaya ne yake maimaitawa ba tsayawa, wani lokaci ya haɗa da kuka. Haushin baƙo kuwa kakkaura ne, da sauri, yana fuskantar wuri ɗaya. In ya yi irin wannan ka fito ka duba, domin aikinsa ya yi. In ka ga ba komai ka ce "ya isa" da murya a kwance, ka jira ya yi shiru ko na daƙiƙa uku ne, sannan ka yaba masa. In ka tsaya daga ɗaki kana daka masa tsawa, a wurinsa kai ma haushi kake taya shi.

Horo ba ya buƙatar sanda. Abin da yake buƙata shi ne hanta. Nakan dafa hanta in yayyanka ta ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa in zuba a aljihu, in yi horo minti biyar kafin cin abinci, safe da yamma, lokacin da yunwa ta sa hankalinsa yana kaina. Ga yadda ake koya "zauna". Ka riƙe yankan hanta daidai hancinsa, ka ɗaga hannunka sannu zuwa saman kansa ta baya. Zai bi da ido, kansa ya ɗaga, gindinsa ya sauka ƙasa da kansa. Da zarar ya taɓa ƙasa ka ce "yauwa" ka ba shi nan take. Jinkirin daƙiƙa biyar ma ya isa ya rikitar da shi, ya kasa gane abin da aka biya shi a kai. In ya yi haka sau da yawa sai ka fara faɗin "zauna" kafin ka ɗaga hannu. Duna ya kama wannan cikin kwana uku. Daga baya ka rage hantar, ka riƙa ba shi jefi-jefi, yabo ya ci gaba.

Kalmar da ta fi kowacce muhimmanci ita ce "zo". Ƙa'idarta ɗaya ce: kada ka taɓa kiran kare don ka doke shi ko ka ɗaure shi kawai. In ya yi ɓarna ka kira shi ya zo ka zane shi, abin da ya koya shi ne zuwa wurinka haɗari ne, gobe ko maƙogwaronka zai tsage ba zai zo ba. Sannan duk gidan su yi amfani da kalma ɗaya. A gidana na sha fama da wannan, ni ina cewa "bari", yara suna cewa "kai", mai gadi yana cewa "tafi". Sai da na tara su muka tsayar da magana ɗaya.

"Bari" ce ta ceci kajina. Tun Duna yana wata uku nake sa masa igiya in shiga da shi lokacin ba kaji abinci. Ya zuba wa kaza ido, jikinsa ya sanƙare, sai in ce "bari", in juya da shi, da ya kalle ni in ba shi hanta. Sati uku muna haka kafin na yarda in saki igiyar. Karen da ya riga ya ɗanɗani kamun kaza gyaransa yana da wuya, gara a sa shingen waya tsakaninsa da kajin.

Gwaigwayar takalma kuwa ta haƙori ce. Kwikwiyo yana famfarar haƙoransa 28 tsakanin wata uku zuwa shida, manya 42 su fito, dasashinsa yana ƙaiƙayi. A ɗauke takalman ƙofar ɗaki, a ba shi igiya mai kauri da aka ƙulla. In ya kama hannunka da wasa ka janye, ka daina wasan na ɗan lokaci.

Akwai abin da nake roƙon kowa a kai. In kare ya yi gurnani a kan kaskonsa, kada a doke shi. Gurnani sanarwa ce. In ka kashe sanarwar da duka, ranar da zai ciji yaro ba za a ji komai ba sai ihu. Abin yi shi ne ka riƙa wucewa daga nesa yana ci ka jefa masa abin da ya fi wanda ke cikin kaskon daɗi, kullum kana matsowa kaɗan, har ya gane zuwan mutum ƙari ne. Yara kuma a ja musu kunne: ba a zuwa wurin kare yana ci, ko yana barci, ko karya tana shayarwa.

Mu koma kan kasko. Ragowar tuwo da ƙanzo kaɗai ba su riƙe kare, shi ya sa za ka gan shi da ƙaton ciki da siraran ƙafafu, gashinsa ya yi furu-furu, ya koma bin juji da satar ƙwai. Ba sai ka sayi abincin buhu mai tsada ba. Ni nakan dafa tsakin masara ko karyayyiyar shinkafa, in haɗa da tumbi da huhu daga wurin mahauta, ko garin kifi, ko ƙwan da suka tsage a gona bayan na dafa su, in jefa kabewa ko karas. Ina ƙoƙari naman ya kai kashi ɗaya cikin uku. Tukunyarsa daban ce da tamu saboda miyarmu cike take da albasa da tafarnuwa, su kuwa suna lalata jinin kare in suka taru a jikinsa. Ba barkono, ba magi, gishiri ma ba ya buƙata. Kada a ba shi dafaffen ƙashi, musamman na kaza, domin yana tsagewa kamar tsinke ya huda hanji. Cakulan da inabi da zabibi guba ne gare shi, haka ma goro, don haka masu tofar da tuƙa a tsakar gida su kula. Madarar gari takan sa shi zawo. Kazar da ciwo ya kashe binne ta ake yi, ba jefa wa kare ba. Shinkafar ɓera kuwa, in ka zuba ta a sito ka tabbata kare ba zai kai ga ita ko ga mataccen ɓeran ba.

Kwikwiyo yana ci sau huɗu a rana har wata uku, sau uku har wata shida, daga nan sau biyu. A ajiye kasko a lokaci ɗaya kullum, bayan minti ashirin a ɗauke ko ya cinye ko bai cinye ba. Da haka tsirfa take ƙarewa, kuma ranar da ya ƙi ci da gaske za ka lura. Don sanin ko abincin ya isa, shafa gefen ƙirjinsa: ya kamata ka ji haƙarƙarinsa a ƙarƙashin tafin hannu ba tare da kana ƙirga su da ido daga nesa ba. Ruwa kuma kada ya yanke. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake sanyaya jiki, shi ya sa a zafin Maris da Afrilu nakan ajiye masa roba biyu a inuwa. Masu sayen karnukan waje masu yawan gashi su sani wannan zafin ya fi wahalar da su fiye da namu na gida.

Kare mai lafiya da ya canza hali kwatsam, a fara zargin ciwo. Duba cikin kunne da tsakanin yatsu ko akwai kaska, domin tana kawo zazzaɓin da ke sa dasashi ya yi fari, kare ya kwanta ya ƙi ci. Babban kare a ba shi maganin tsutsar ciki duk wata uku. Kada a wanke shi da maganin feshin gona ko baƙin mai, kada kuma a ba shi maganin ciwon jiki na mutane.

In kuwa cizo ya auku, ko yaƙushi da ya fasa fata, a manta da ƙona gashin kare a shafa. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, a wuce asibiti ranar don allura, ko da ciwon ƙarami ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 15 su ne kusan kashi 40 cikin ɗari. Da zarar alamun sun bayyana a jikin mutum kusan babu tsira. Shi kuma karen a killace shi kwana goma likitan dabbobi yana duba shi, a nuna wa wanda aka ciza ko iyayensa katin allurar karen. Katin Duna yana cikin leda a aljihun motata, tare da takardun mota.