Yadda za ka zauna a shirye kafin Ango ya iso

'Yan'uwa a cikin Ubangiji, mun saba jin misalin budurwai goma da ke Matiyu sura 25 tun muna yara, biyar masu wayo biyar wawaye, amma sai kwanan nan na lura da aya ta 5. Da ango ya yi jinkiri, duka goman ne suka yi gyangyaɗi har barci ya kwashe su. Ashe ba barcin ne ya raba su ba, man fitila ne. Da tsakar dare aka yi shela, wawayen suka ce a sam musu mai, aka ce ba zai ishe mu da ku ba. Shiri ba a aronsa, ba za ka shiga da addu'ar mamanka ko ta fastonka ba, dan haka ga yadda nake ganin mutum zai tanadi nasa man tun da sauran rana.

Ka fara da gano abun da ke shanye maka man. Yawancinmu muna ɗauka sai babban zunubi ne ke raba mutum da Allah, amma duba Luka 17, inda Yesu ya yi maganar kwanakin Nuhu da na Lutu, abubuwan da ya lissafa su ne ci da sha da aure da saye da sayarwa da shuka da gini, babu haram ko ɗaya a ciki, kawai sun cika zuciyar mutanen ne har ba sauran wuri. Haka ma a Markus 4:19, ƙayar da ta shaƙe irin ita ce damuwar duniya da ruɗin dukiya da kwaɗayin wasu abubuwa. Toh ka ɗauki biro da takarda ka rubuta yadda jiya ta wuce maka, awa bayan awa, kar ka yi wa kanka ƙarya. Wayarka ma tana da wurin da take nuna awa nawa ka yi a kanta. Ranar da na fara duba nawa sai da kunya ta kama ni, ni da nake cewa ba ni da lokacin karatun Littafi Mai Tsarki.

Bayan nan sai ka ba Allah farkon ranarka, a nan ne yaƙin yake gaskiya. Markus 1:35 ya ce Yesu ya tashi da asuba tun da sauran duhu ya fita wurin da ba kowa ya yi addu'a, kuma fa daren jiyansa duk garin ne ya taru a bakin ƙofa da marasa lafiya. Daniyel babban ma'aikacin gwamnati ne amma sau uku a rana yake durƙusawa, har bayan an kafa dokar da ta kai shi ramin zakoki. Abun da ya taimake ni ƙarami ne, na daina kwana da waya a gefen filo. Ina sa ta caji nesa da gado, Littafin na takarda shi nake ajiyewa inda hannuna zai fara kaiwa, dan in ka ce a waya za ka karanta, kafin ka buɗe Zabura saƙo ya shigo, ka ce bari in duba wannan ɗaya kawai, kafin ka ankara rabin awa ta tafi kana kallon rayuwar mutanen da ko sanin su ba ka yi ba.

Kar ka fara da alkawarin awa biyu, za ka gaji a kwana uku. Minti goma sha biyar ya isa farko. Sabon Alkawari surori 260 ne, sura ɗaya kullum ka gama shi kafin wata tara. In kana son duka Littafin, surori 1,189 ne, uku kullum biyar ranar Lahadi za su kai ka ƙarshe a shekara. Markus ya fi sauƙin farawa, surori 16 ne kawai. In ka tsallake rana ka ci gaba washegari, kar ka ce ka ɓata komai.

Sai maganar da ba ma son ji, sulhu. Mutum na iya yin azumi da addu'ar dare amma akwai ɗan'uwan da ya shekara biyu ba ya gaisawa da shi. Yesu ya ce a Matiyu 5:23 da 24 in ka kawo baikonka ka tuna ɗan'uwanka na da wata magana a kanka, ka bar baikon a gaban bagade ka je ku shirya tukuna. Ka lura, wanda yake jin haushinka ake nufi, kai ne za ka tashi ka je. In bashi ne ka biya, ko ka je ka faɗi ranar da za ka biya. Ka kira shi a wannan satin, ko bai amsa da daɗi ba kai ka sauke naka.

Kar ka yi tafiyar kai kaɗai. Labarin Dimas yana ba ni tsoro, a wasiƙar Filimon Bulus ya kira shi abokin aiki, amma a 2 Timoti 4:10 sai ya ce ya yashe shi saboda ƙaunar duniyar nan. Mutumin da ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Bulus fa. Ka je sujada ko ba ka jin daɗin jikinka, ka kuma nemi mutum ɗaya mai tsoron Allah ka ba shi izini ya riƙa tambayarka, ya addu'a, me ka karanta yau.

Amma dan Allah kar shiri ya koma lissafin kwanan wata. Mabiyan mai wa'azi William Miller a Amurka sun jira dawowar Yesu ranar 22 ga Oktoba 1844, wani mai wa'azin kuma, Harold Camping, ya sa 21 ga Mayu 2011, ranakun suka zo suka wuce, mutane da yawa suka karaya. Matiyu 24:36 ya riga ya ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar sai Uba. Kar kuma ka bar aikinka, Bulus ya gaya wa Tasalonikawa wanda ya ƙi aiki kar ya ci. Ka je aiki, ka kula da iyali, ka biya kuɗin makarantar yara, sai dai ka tuna Marta da Maryamu a Luka 10, hidimar Marta ba laifi ba ce amma ita ta hana ta zama ta saurari Yesu, Baƙon da take yi wa hidimar.

Yau da dare kafin ka kwanta, ka kai wayar can nesa, ka buɗe Markus sura 1 ka ajiye a gefen gado, ka rubuta sunan wanda za ka kira gobe a takarda ka sa a ciki.