Shawara ga mai son ɗaukar hoton hanyar hawan Mambila

Jama'a, duk wanda zai hau tsaunin Mambila a Jihar Taraba, daga Mayo Selbe zuwa Gembu, kada ya ɗauki hoton hanyar daga gindin dutse, domin daga ƙasa kyamara ba ta nuna tsayin hawan, sai titin ya fito a shimfiɗe. Ya dace ya haura tukuna, ya sami wurin da zai hango kwana biyu ko uku a ƙarƙashinsa, sannan ya jira babbar mota ta shigo kwanar, saboda ƙanƙantarta a hoton ce za ta bayyana girman dutsen.

Hasken safiya ya fi na tsakar rana, don inuwa ce ke fito da kwazazzabai. A ganina ƙarshen damina, wajen Oktoba, ya fi dacewa, lokacin da ciyawa take kore kuma ƙurar hunturu ba ta rufe nesa ba.

Ina roƙonku, kada ku tsayar da mota a kan kwana, domin direban da ke gangarowa da kaya ba zai hango ku da wuri ba. Ku nemi fili, ku ja birkin hannu, ku sa dutse a bayan taya.