Yadda za ka bibiyi matashin ɗan wasan zamiyar ƙanƙara na ƙasar Sin daga nan Jidda

Tun ranar da na kai ɗiyata wani filin ƙanƙara da ke nan Jidda, na ga yadda ta ƙanƙame ƙarfen gefen fili da hannu biyu ƙafafunta na rawa, alhali a waje zafi na dukan mutane, na fara girmama masu wannan wasa. Da muka koma gida sai ta ce, "Baba, to ta yaya mutum yake ɗaga wani sama a kan wannan santsi?" Neman amsar tambayarta ne ya kai ni ga zamiyar bibbiyu, wadda namiji da mace suke yi tare, kuma 'yan ƙasar Sin sun yi fice a cikinta.

Da farko ka zaɓi mutum biyu da suke matakin matasa, ka riƙe sunayensu tare, domin a wannan fanni ba a auna ɗaya shi kaɗai. Misalin da ya fi dacewa ka koya da shi shi ne na Sui Wenjing da Han Cong, 'yan birnin Harbin da ke arewa maso gabashin Sin, inda sanyin hunturu ke daskarar da kogi. An haɗa su a 2007, Sui tana da shekara goma sha biyu, suka lashe gasar duniya ta matasa sau uku a jere, a 2010 da 2011 da 2012, amma ba su zama zakarun duniya na manya ba sai a 2017 a Helsinki. Wanda ya fara kallonsu suna yara ya jira shekara goma sha biyar kafin ya ga zinaren Olamfik a wuyansu, saboda haka ka shiga da haƙuri.

Sai ka san kakar wasan. Ƙungiyar zamiyar ƙanƙara ta duniya, wato ISU, tana fara jerin gasannin Grand Prix na matasa a watan Agusta, na manya kuma a Oktoba da Nuwamba, a yi na ƙarshe a Disamba, sannan gasar duniya a Maris. Agogon Beijin yana gaban na Saudiyya da awa biyar, don haka gasar da aka fara da ƙarfe bakwai na dare a can, ƙarfe biyu na rana ce a wurinmu, tsakanin Azahar da La'asar.

Abin da na fi so ka ba wa lokacinka shi ne karanta takardar maki, wadda ISU take sakawa a intanet bayan kowace gasa, domin ido yana ruɗuwa da kiɗa da kwalliya, takardar kuwa tana faɗin abin da ya faru dalla-dalla. Kowace gasa kashi biyu ce: gajeren shiri na kimanin minti biyu da daƙiƙa arba'in, da dogon shiri na minti huɗu ga manya, minti uku da rabi ga matasa, sai a haɗa makin duka biyun. A gefen hagu na takardar za ka ga jerin abubuwan da suka yi. Akwai ɗagawa, inda namijin yake riƙe macen sama da kansa yana juyawa; akwai jifa, inda yake wurga ta gaba ta juya a iska ta sauka da ƙafa ɗaya; akwai cilli, inda yake cilla ta sama ta murɗa ya cafe ta a ƙugu kafin ta taɓa ƙanƙara; akwai kuma tsallen jere da kowannensu yake yi da kansa a lokaci guda. Kowane ɗaya yana da makinsa na asali gwargwadon wahalarsa, sannan alƙalai tara su ƙara ko su rage, daga biyar ƙasa zuwa biyar sama, a jefar da maki mafi yawa da mafi ƙaranci a ɗauki matsakaicin sauran. Faɗuwa tana jawo cire maki daban.

Ka gwada da takardar Olamfik ta Beijing ta 2022. Sui da Han sun tara 239.88, suka wuce Tarasova da Morozov na Rasha da 0.63 kacal, duk da cewa tsallen jere ɗaya na Sui bai cika juyinsa ba. Idan ka duba layin farko na dogon shirinsu za ka ga 4Tw, ma'ana cilli mai juyi huɗu, a inda saura suke yin uku, kuma wannan ƙarin wahalar na daga cikin abin da ya rufe musu giɓin. Shekara huɗu kafin nan, a Koriya ta Kudu, da tazarar 0.43 zinare ya kuɓuce musu ya tafi hannun Savchenko da Massot na Jamus. Wanda bai karanta takarda ba zai ɗauka son kai ne na alƙalai, a ganina kuwa yawanci lissafin yana nan a fili.

Idan kana kallo, kada idonka ya tsaya a kan macen kawai. Ka lura da ƙafafun namijin yayin da yake ɗauke da ita, ko yana tafiya sumul ko yana kartar ƙanƙara, ka kuma lura da tazarar da ke tsakaninsu, domin sababbin haɗi sukan yi nesa da juna saboda tsoron karo.

A ƙarshe ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta makinsu gasa bayan gasa, tare da abin da ya same su a tsakani. Idan ka ga sun ɓace na wata kaka, ka nemi labarin rauni kafin ka yanke hukunci, domin a 2016 an yi wa Sui tiyata a ƙafafunta biyu, ta yi watanni ba ta hau ƙanƙara ba, kuma a kakar da ta dawo ne suka ci gasar duniya. Ka rubuta sunan kocinsu ma. Wanda ya kai Sui da Han ga zinare shi ne Zhao Hongbo, wanda shi da matarsa Shen Xue suka ci zinaren Olamfik na 2010 a Kanada.