Kurakuran da ake yi wajen yi wa katin memori fomat kafin ɗaukar bidiyo

Babban kuskuren shi ne yi wa kati fomat, wato share shi gaba ɗaya a sake tsara shi, a kwamfuta. Ni ma na taɓa faɗawa. Na iso wurin kamu, ƙawayen amarya sun jeru a bakin ƙofa, na zura kati, kyamara ta ce sam ba ta san shi ba. Ashe da daddare tsarin ajiyar fayil na NTFS na zaɓa a Windows, ita kuwa tsarin FAT32 da exFAT ta sani. Gyaran yana cikin kyamarar da za a yi aikin da ita: a shiga menu a yi fomat a can. Ita za ta zaɓi tsarin da ya dace, ta gina folda irin tata, kamar DCIM, ko PRIVATE da Sony ke ajiye bidiyo a ciki. In ka ciro kati daga Canon za ka sa a Sony, sake yi masa. Idan dole sai a kwamfuta, akwai manhajar SD Memory Card Formatter ta kyauta.

Wasu kuma ba sa fomat ɗin ma, sai dai su riƙa goge bidiyo ɗaya-ɗaya. A hankali gurbin da ya rage sai ya zama gutsi-gutsi, rubutu ya yi nauyi, ana tsakiyar ɗauka kyamara ta tsaya cak. Kowane sabon aiki ya fara da fomat.

Sai maganar girma. Katin SDHC, wato har 32GB, da FAT32 yake zuwa, kuma a nan fayil ɗaya ba ya wuce 4GB. In kana ɗaukar 4K a kan 100Mbps, wato megabit 100 a kowace daƙiƙa, kusan duk minti biyar za a yanka maka bidiyon. Ba lalacewa ba ce, ka dai kwashe foldar dukanta, kada ka tsinci fayil. Mai ɗaukar dogon wa'azi ko taro ya nemi SDXC, 64GB zuwa sama, mai exFAT.

Fomat fa ba ya mai da jaki doki. Don 4K a duba alamar U3 ko V30 a jikin katin, wato yana rubuta aƙalla 30MB a daƙiƙa. Katin da arharsa ta yi yawa kuma a gwada shi da manhajar H2testw mai auna ainihin girman kati, don jabu kan nuna 128GB alhali cikinsa bai kai ba.

Wanda ya fi ciwo shi ne fomat kafin a kwashe aiki. Ni da na cire katin da ya cika, nakan ja ɗan makullin gefensa ƙasa, ba na buɗewa sai na ga bidiyon yana tafiya a wuri biyu. In hannu ya riga ya kuskure, cire katin nan take, kada ka ɗauki ko hoto ɗaya a kai, ka gwada PhotoRec, manhajar dawo da fayilolin da aka goge. Bayan fomat na gaggawa sau da yawa ana samowa. In fomat mai zurfi ne, wanda ake cewa Low level a Canon, da wuya a ga komai.