Yadda za ka auna matsin iska da robar ruwa a tafiyar Jos zuwa Abuja

Duk wanda ya taɓa gangaro Hawan Kibo a mota ya san yadda kunne ke toshewa, sai ya haɗiyi yawu kafin ya ji ya buɗe. Iska ce ke wannan aiki. Jos tana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200 daga matakin teku, Abuja kuwa wajen mita 400 zuwa 500, kuma iskar da ke ƙasa ta fi ta sama danna jiki. Abin da kunnenka ya ji, za ka iya kama shi a cikin roba, ka auna shi da sirinji, ka nuna wa yara su gani da idonsu.

Ga abin da za ka tanada: robar ruwan sha mara komai guda biyu masu cin santilita 75, bokiti, sirinji babba daga kemis, da takarda da biro. Ka zaɓi roba mai laushi wadda murfinta bai lalace ba.

Mataki na farko, ka shanya robobin su bushe ƙarau a ciki. Ɗigon ruwa kaɗan da ya rage yakan zama tururi idan rana ta yi zafi, ya ɓata maka lissafi.

Na biyu, a Jos, ka buɗe roba ɗaya na minti guda, sannan ka ɗaure murfin tamau ba tare da ka matse cikinta ba. Rubuta wuri da lokaci a jikinta. Ɗayar kuma ka bar murfinta a sake, ita ce shaidar da za ka riƙa kwatantawa da ita. Ka sa su a jaka, nesa da gilashin mota da zafin inji.

Na uku, ka riƙa leƙa su a hanya. Daga Riyom zuwa gindin gangaren ne za ka fi ganin canji, domin a nan mota ke sauka da yawa cikin ɗan lokaci. Robar da ka rufe za ta fara lotsawa, wani lokaci har da ɗan ƙara, alhali ta biyun tana nan yadda take. Don Allah kada ka ce direba ya tsaya a kan gangaren saboda hoto. Wurin na manyan motoci ne masu saukowa da kaya, sai a bari sai Akwanga.

To me ya lotsa ta? A nan ne ɗalibai da yawa ke kuskure, kuma ina ganin laifin namu ne masu koyarwa. Sai ka ji yaro ya ce ai a kan dutse ƙarfin jan ƙasa ne ya ragu sosai. Ba haka ba ne. Ko a ƙololuwar Ebares, dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya, mita 8,849, jan ƙasa bai ragu da ko rabin kashi 1 cikin 100 ba. Abin da ya ragu shi ne yawan iskar da ke bisa kanka. Ka ɗauki buhunan auduga da aka jibga a sito: na can sama sakayau yake, na ƙasa kuwa ya daddanne ya cure, domin nauyin duk sauran a kansa yake. Haka ƙasa ke jawo iska ta jibge ta. A bakin teku, kamar Legas, iska na danna kowane murabba'in santimita da nauyin kusan kilo ɗaya, wato hektofaskal 1,013 a ma'aunin matsin iska. A Jos wajen 877 ne, a Abuja wajen 960. Ka ɗauko iska mai sakwasakwa daga tudu ka kawo ta inda ake danna ta da ƙarfi, dole ta tsuke, robar ta bi ta.

Wannan dannewa ita ke sa iskar ƙasa ta fi kauri. Da za a cika akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare da iskar bakin teku, nauyinta zai kai kilo 1.2, a Jos bai kai 1.1 ba sosai, a kan Ebares kuwa ko rabin kilo bai cika ba. Kason iskar oksijin bai canza ba, yana nan kashi 21 cikin 100, sai dai kowane shaƙa ɗaya ya zo da kaɗan. Shi ya sa masu hawan manyan duwatsu ke haki.

Mataki na huɗu shi ne awon, kuma shi na fi so. Idan ka isa Abuja, cika bokiti da ruwa. Juya rufaffiyar robar, bakinta ƙasa, ka tsoma bakin kaɗan a cikin ruwan, sannan ka kwance murfin a hankali yana nutse. Za ka ga robar ta miƙe tana zuƙar ruwa. Mayar da murfin tun bakin yana cikin ruwa, ka ɗago, ka zuƙe ruwan da sirinji kana ƙirgawa. Wannan ruwa shi ne gurbin da iska ta bari da ta tsuke. Bisa lissafi, 877 a kan 960 na nufin ta ragu da kusan kashi 9 cikin 100, wato wajen mililita 65.

Idan ka samu 40 ko 45, kada ka ce gwajin ya ƙi. Zafi ne ya shiga tsakani. Abuja ta fi Jos zafi, zafi kuma na kumbura iska, sai ya cinye wani ɓangare na tsukewar. Maganinsa: ka rufe robar a Jos da tsakar rana, ka buɗe ta a Abuja da asuba, a cikin ruwa mai ɗan sanyi.

Ba mu ne farkon masu irin wannan gwaji ba. A 1648, a Faransa, masanin nan Faskal ya sa mijin 'yar'uwarsa ya hau dutsen Puy de Dôme da bututun zaiba mai auna matsin iska, sai zaibar ta sauka da kusan santimita 8 a sama. Da haka aka tabbatar iska na da nauyi.

A dawowa, ka juya gwajin. Ɗan matse busasshiyar roba a Abuja kafin ka rufe ta, ka ajiye fakitin biskit da ba a buɗe ba kusa da ita. Kafin ku kai Bukuru robar ta miƙe, fakitin kuma ya kumbura kamar an hura shi. Mai zuwa Gembu a tudun Mambila, inda tsawon ya kai wajen mita 1,600, zai ga fiye da haka.