Kina aikin kwantiragi kuma ciki ya zo: yadda za ki kare hutun haihuwarki

'Yar uwa in aikin kwantiragi kike, irin na banki da ake ɗaukar mutum ta hannun wani kamfani, ko koyarwa a makarantar kuɗi, ko ƙungiyoyin agaji masu ba da takardar wata uku wata shida, kuma Allah ya ba ki rabo, toh tun kafin ki faɗa wa kowa a ofis ki ɗauko takardar ɗaukar aikinki da katin awo ki ajiye su a gabanki. Ranaku uku za ki rubuta, ranar da kika fara aiki, ranar da kwantiragin zai ƙare, da ranar haihuwa da sikanin ya nuna. Duk shawarar da za ki yanke a kan ranakun nan uku za ta tsaya.

Dokar ƙwadago ta Najeriya a sashe na 54 ta ba mace sati shida kafin haihuwa, in ta kawo takardar likita mai nuna cewa haihuwa ta matso, da sati shida bayan haihuwa wanda shi ma ba a yarda a sa ta aiki a cikinsa ba sam. Sati 12 kenan gaba ɗaya, kuma kin ga na bayan haihuwar kwana 42 ne, da ƙyar ya haura arba'in, kina gama wankan jego sai ofis. Maganar kuɗi kuwa sharaɗi gare ta, sai kin yi wata shida kina aiki a jere ba yankewa kafin ki tafi hutun sannan ya zama dole a biya ki aƙalla rabin albashi. Wadda ba ta cika wata shida ba tana da hutun amma ba dole a biya ta ba. Kuɗin asibiti ma dokar ba ta ɗora wa wanda ya ɗauke ki aiki ba.

Za ki ji ƙawaye na cewa ai yanzu wata huɗu ne, wata ta ce wata shida ne, dan Allah ki tambaye su a ina suke aiki. Ma'aikatan gwamnatin tarayya ne ke samun abin da ya kai wata huɗu da cikakken albashi, wata shida kuma jihohi ne irin su Legas tun 2014 da Kaduna tun 2019 suka ba ma'aikatansu na gwamnati. Ke da kike kamfani mai zaman kansa wannan bai hau kanki ba sai in kamfanin ne da kansa ya rubuta a littafin dokokin ma'aikata, shi ya sa ki nemi littafin nan ki karanta, wasu wuraren suna ba da fiye da abin da doka ta ce kuma ba wanda zai zo ya sanar da ke. In aikinki na ƙwararru ne ko na shugabanci kamar akanta, lauya, injiniya ko manaja, dokar ma ba ta sa ki cikin waɗanda take kira ma'aikaci ba, abin da aka rubuta a kwantiragi da littafin nan shi ne madogararki.

Yanzu ga inda ake cutar mata, kuma wallahi abin yana ci min rai. Dokar ta hana a ba ki takardar sallama kina cikin hutun haihuwa, haka in hutun ya ɗan zarce saboda rashin lafiyar da ciki ko haihuwa ta jawo kuma likita ya rubuta. Amma kwantiragi mai wa'adi ba sai an kore ki ba, shiru kawai za a yi ranar ta zo ta wuce, ki kira waya daga gidanku kina jego a ce ai ba a sabunta ba, kuɗin aikin ne ya ƙare. Don haka duba ranakun nan naki, in kwantiragin zai ƙare kina wata bakwai ko tsakiyar hutu, maganar sabuntawa ita ce ta farko, ki taso da ita da wuri ki nemi a ba ki a rubuce, kar ki yarda da "kar ki damu Hajiya, ai ke tamu ce". Mai faɗin haka gobe ana iya canza masa wajen aiki, wanda zai gaje shi takarda kawai zai duba.

Ki kula da ɗan hutun da wasu ke sakawa tsakanin kwantiragi da kwantiragi, a ce ki zauna gida sati ɗaya ko biyu sannan ki sake sa hannu, ranar lissafi sai a ce ba ki yi wata shida a jere ba. Ki adana duk alat ɗin albashi, takardar biyan albashi, tsofaffin kwantiragi, hoton rajistar zuwa aiki in kuna sa hannu, ki tura su imel ɗinki na kanki saboda na ofis ana rufe shi rana ɗaya. In kuma ba ki da takarda ko ɗaya, sashe na 7 na dokar ya wajabta wa wanda ya ɗauke ki aiki ya ba ki sharuɗɗan aiki a rubuce cikin wata uku da farawa, ki nema cikin ladabi, haƙƙinki ne.

Masu aiki ta hannun kamfanin ɗaukar ma'aikata, ki duba sunan da ke saman takardarki da sunan da ke zuwa a alat. Can za ki aika takardar neman hutu, ki ba wa ogan da kike ƙarƙashinsa kwafi, in ba haka ba sai su yi ta tura ki wannan ya ce je ki wancan har nakuda ta zo.

Yaushe za ki faɗa? Mu dai da kunyar ciki, balle ma na fari, sai mace ta yi ta fama da zumbula hijabi har wata bakwai. Ni a ganina in sabuntawa ta kusa kuma cikin bai fito ba, ki bari ki sa hannu tukuna. In kuwa da sauran lokaci mai tsawo toh ki sanar da kanki kafin a ji a bakin wasu, kuma a rubuce, gajeriyar takarda mai kwanan wata, ki faɗi ranar da za ki fara hutu da ranar da za ki dawo, ki haɗa da takardar likita, ki sa a buga miki hatimin karɓa a kwafinki. In baki da baki kuka yi da oga, da kin fito ki tura saƙo ko ta WhatsApp ne, "Ranka ya daɗe, kamar yadda muka yi magana yau, zan fara hutu ranar kaza in dawo ranar kaza." Amfaninsa shi ne in an daina sabunta naki bayan wannan saƙon alhali an sabunta na sauran, kina da abin nunawa.

Kuma ko me za a ce miki kar ki rubuta takardar ajiye aiki. Ana yawan lallaɓa mata da cewa ki ajiye in kin haihu kya dawo mu sake ɗaukarki, da kin sa hannu shikenan rabin albashin ya tafi, kujerar ma ta tafi, kuma ke kika bari da kanki.

Ta ɓangaren aljihu ki yi shiri kamar ba za a biya ki ba. In kina adashe ki roƙi uwar adashe ta sa kwasarki ta faɗo watan haihuwa, ki tambayi kamfanin inshorar lafiyarku ko katinki zai ci gaba da aiki in kwantiragi ya ƙare, ku zauna da maigida ku yi lissafin watanni ukun nan tun yanzu. In ana cire miki fansho kuma aikin ya tafi, dokar fansho ta 2014 ta yarda ki ciri kashi 25 na abin da ke asusunki bayan wata huɗu ba ki samu wani aikin ba.

In an zalunce ki akwai ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya a jiharku, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, sannan akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa mai zama a Abuja, Kano, Kaduna da wasu garuruwan, kuma kotun nan ta taɓa yanke wa wata mata diyya saboda an sallame ta don tana da ciki. Ki je da takardunki da wuri, kar ki bari sai an yaye yaro. In kuma Allah ya sa kin koma aiki lafiya, dokar ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana cikin lokacin aiki, ki sa wannan ma a takardar dawowarki ku daidaita da oga ko za a haɗe miki su ki riƙa tashi da wuri.