Yadda na gyara bayan Hiace ɗinmu saboda keken Hajiya

Tunda muka sa wa Hiace lif a baya domin ɗora keken guragun Hajiya, motar ta zauna ta baya kamar an loda mata buhunan shinkafa, ko ƙaramin tudun rage gudu muka hau a cikin Jidda sai ka ji ƙwaram, ita kuma baiwar Allah ta dafe ƙugu tana salati.

Na fara canja shokozoba, kuɗi suka tafi a banza. Ashe shokozoba girgiza kawai yake kashewa, ba shi ke ɗaukar nauyi ba, sifirin ne, kuma na bayan Hiace irin na falle-fallen ƙarfe ne. Wani bakanike a sana'iyya, wato unguwar masu gyaran motoci, ya ce a ƙara falle guda. Mota ta miƙe kam amma ta yi tauri, Hajiya ta ce "Kai Auta, amalanke ka ɗora ni?"

Sai na cire shi, na sa balan-balan ta iska tsakanin gatarin tayoyin baya da shasi, kowane gefe da bawul ɗinsa don kada iska ta gudu gefe ɗaya a kwana. Na ƙara iska kaɗan-kaɗan ina aunawa da tef daga ƙasa zuwa bakin madigadi har baya ya dawo tsayinsa, sannan na saita fitilun gaba. Jiya har Makka muka je Hajiya tana ta gyangyaɗi.